Sakamakon DNA ya fito da sunaye rututu: ta ina ake gane ɗan'uwa na gaskiya?

Ɗan Fatake:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka san kan gwajin DNA na neman dangi. Sakamakon AncestryDNA ya fito, jerin waɗanda muka yi tarayya da su ya haura mutum 300, amma babu ko ɗaya da gidanmu ya sani, kuma galibinsu baƙaƙen fatar Amurka ne. Na saman jerin mun haɗa cM 61 (ma'aunin yawan DNA da muka yi tarayya) a yanki 7, mafi tsawonsu 12. Mai bi masa cM 44 a yanki 2, mafi tsawo 33. Sauran duk ƙasa da 20 suke.

Waɗanda ake nema su ne zuriyar ƙanin kakana na wajen uba. Ya tafi aikin hajji a ƙasa tun kafin samun 'yancin kai, kuma labarin ƙarshe da ya iso gida shi ne ya zauna wajen Gadarif a Sudan, ya yi iyali. Mahaifina ya rasu. Akwai gwaggona, 'yar'uwar mahaifina, mai shekara 80 da ɗoriya, akwai baffa wanda ɗan uba ne ga mahaifina, mahaifiyata ma tana raye. Auren iyayena na zumunci ne: mahaifiyata 'yar gwaggon mahaifina ce.

Tambayata: cikin waɗannan biyun na sama wa ya kamata a bi? Kuma lamba nawa zan gani in ce lallai wannan jikan ƙanin kakana ne?

Malam Salsala:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fara da rage buri a kan wannan jerin. Kamfani ba da duniya yake gwada ka ba, da waɗanda suka sayi gwajinsa kaɗai yake gwada ka. Rumbun Ancestry ya haura mutum miliyan 25, amma mafi yawansu mazauna Amurka, Kanada, Ingila da Ostireliya ne. Jikan Bahaushen da ke Gadarif ba zai taɓa bayyana ba sai shi ma ya ba da yawunsa. Rashin ganinsu a jerin bai ce komai ba game da kasancewarsu.

Shi cM, wato sentimogan, ma'aunin tsawon DNA ne da mutum biyu suka gada daga kaka guda. Alƙaluman da kowa ke aiki da su na aikin Shared cM ne, wanda Blaine Bettinger ya tara daga sakamakon mutanen da suka riga suka san dangantakarsu, kusan 60,000 a bugun 2020. Suna nan kyauta a shafin DNA Painter: ka rubuta lamba, ya jero maka dangantakar da za ta iya zama. Uba da ɗa kusan 3,485. Shaƙiƙai 2,613 a matsakaici. 'Yan uba 1,759, kuma wannan kusan daidai yake da na kaka da jika, daidai da na baffa da ɗan wansa, don haka lamba ita kaɗai ba ta raba ukun nan, sai an dubi shekaru. Waɗanda suka haɗa kaka, kamar ɗan baffa ko ɗan gwaggo, 866, amma tana iya sauka zuwa 396 ko ta hau zuwa 1,397. Waɗanda iyayensu ne suka haɗa kaka, wato matakin da kake da jikokin ƙanin kakanka, 229, tsakanin 41 da 592. Mataki ɗaya gaba da wannan ta koma 73, kuma a nan ne ake fara samun 'yan'uwa na haƙiƙa da ba su haɗa ko sentimogan ɗaya ba.

To amma kada ka ɗauki 229 ka tafi da ita, saboda abu biyu na gidajenmu da ke karkatar da lissafin, ɗaya yana ragewa ɗaya yana ƙarawa.

Mai ragewa shi ne 'yan ubanci. Idan kakanka da ƙanin nasa ba ɗakinsu ɗaya ba, kaka guda kuka haɗa da jikokinsa ba biyu ba, sai lambar ta rabu biyu: 120 a matsakaici, tsakanin 10 da 325. A wurinmu kalmar "ƙaninsa ne" tana ɗauke da shaƙiƙi, da ɗan uba, da ɗan baffa da aka taso tare, da ɗan riƙo, da agola, har da wanda aka sha nono tare. Agola da ɗan'uwan shayarwa, idan babu wata dangantakar jini, DNA ba zai nuna su ba ko kaɗan. Saboda haka kafin ka kashe ko sisi, zauna da gwaggo ka tambaye ta filla-filla: wace ce ta haifi kakanka, wace ce ta haifi wanda ya tafi, wace ce ta haifi kakarka ta wajen uwa. Rubuta sunayen matan da garuruwansu. Salsalarmu ta baka maza take bi, mata ke faɗuwa a hanya, kuma a wannan aikin su ne rabin lissafi.

Mai ƙarawa shi ne auren zumunci, kuma naka ya faɗo daidai kan layin da kake nema. Tunda mahaifiyarka 'yar gwaggon mahaifinka ce, mutumin da ya tafi Sudan baffa ne ga mahaifinka, kawu ne ga mahaifiyarka. Ta hanya biyu ka haɗu da jikokinsa. Idan su ukun shaƙiƙai ne, abin da za ka sa ran gani ya kusa ninki biyu, wajen 400 zuwa 450, sai kamfanin ya rubuta maka dangantakar da ta fi ta gaskiya kusa. Idan shaƙiƙi ne ga ɗayansu, ɗan uba ga ɗayan, wajen 350. Idan ɗan uba ne ga dukansu, ka dawo wajen 240, lambar da za ta sa wanda bai san gidan ba ya rantse shaƙiƙai ne. Ka ga yadda ragin da ƙarin ke iya cinye juna su ɓoye gaskiya.

Sai mutanenka biyu. Na 44 ya fi na 61 daraja. Yanki guda mai tsawon 33 da wuya ya zama dace ne kawai, kuma yana nuna kaka guda da bai yi nisa sosai ba, domin kowace haihuwa tana daddatsa yanki, dogo ba ya jure zuriya da yawa. Shi kuwa 61 da ya watsu gida bakwai, babu mai wuce 12, kamannin al'umma ce da ta daɗe tana auren juna: kun haɗa kakanni da yawa amma duk na nesa, gutsattsarinsu suka taru suka yi kamar kusanci. A irin gidajenmu, dubi yanki mafi tsawo kafin ka dubi jimla. Wanda ba shi da yanki ko ɗaya da ya kai 20, ajiye shi gefe tukuna.

Duk da haka ba na tsammanin ɗayansu jikan wanda kake nema ne. Da hanya biyun da kake da ita, 44 ta yi ƙasa ƙwarai.

Abin da ya fi komai amfani: gwada manya. Kai rabin DNA na mahaifinka kawai ka gada, ɗaya rabin ya tafi da shi, amma wani sashe nasa yana jikin gwaggo da baffa. Gwaggo da ɗan mutumin da ya tafi 866 za su haɗa, da jikansa 433, kuma ko da 'yan uba ne iyayen nasu ana sa ran 449 da 224. Waɗannan lambobi ne da ba a ruɗa su da hayaniyar nesa. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma ita ba ta jira.

Hajiya 'Yar Zango:

Malam ya gama da lambobi, bari in ɗora da aikin hannu, don sakamakon da ke kamfani ɗaya tamkar kasa kaya ne a kasuwa ɗaya.

Shiga saitin asusunka na Ancestry ka sauke ɗanyen fayil ɗin DNA ɗinka. Za su turo maka saƙon tabbatarwa ta imel, fayil ɗin ya sauko a dunƙule. Kada ka buɗe shi, kada ka canza masa komai. Da yawa suna buɗewa da Excel su sake adanawa, tsarin ya lalace, shafin da za a ɗora ya ƙi karɓa. Ɗora shi yadda yake a GEDmatch, shafin da ke gwada fayilolin kamfanoni daban-daban da juna, da kuma kamfanin gwaji na FamilyTreeDNA. Ancestry da kamfanin 23andMe ba sa karɓar fayil daga waje, shi ya sa wanda ya fara da su yake da riba: yana iya fita, amma ba a iya shigowa. FamilyTreeDNA na da muhimmanci a wannan neman saboda Larabawan Saudiyya da ƙasashen Gulf sun rungume shi sosai wajen binciken nasaba, kuma zuriyar mahajjatan ƙasa da yawa can suka ƙare.

A GEDmatch za a ba ka lambar samfur. Fara da na'urar da suka kira Are Your Parents Related. Tana neman wuraren da abin da ka gada daga uwa da wanda ka gada daga uba suka zama iri ɗaya sak. Ɗan da iyayensa suka haɗa kaka yakan sami kusan kashi ɗaya cikin 16 na DNA ɗinsa haka, wajen cM 200 da 'yan kai a matsakaici. Idan naka ya zarce haka da nisa, akwai wani auren zumuncin a sama da ba a faɗa maka ba, kuma duk lambobin da Malam ya kawo sai ka ƙara musu. Daga nan One-to-Many ya ba ka jerin kowa, One-to-One ya nuna maka kuromozom, wato dunƙulen DNA da yankin yake a kai, da wurin da yankin ya fara da inda ya ƙare. Ancestry ba ya nuna wannan ko kaɗan, kuma shi ne babban gibinsa.

Bar ma'aunin a kan 7 yadda ka same shi. Za ka ga masu sauke shi zuwa 3 ko 4 don su tilasta dangantaka ta fito. Da wannan ma'aunin kowa ɗan'uwan kowa ne. Dalilin kuwa, na'urar ɗakin gwaji ba ta karanta DNA duka, wurare kusan 600,000 zuwa 700,000 take dubawa, kuma a kowane wuri harafi biyu take gani ba tare da sanin wanne na uwa wanne na uba ba. A gajeren yanki kwamfuta tana iya tsallakawa tsakanin na uwa da na uba ta ɗinka tarayyar da babu ita. Shi ya sa Ancestry ya ɗaga mafi ƙarancinsa daga 6 zuwa 8 a 2020. Daga 15 zuwa sama ne hankali ke kwanciya.

Akwai kuskuren da kusan kowa ke yi. Ka ga mutum biyu sun haɗu da kai a wuri ɗaya na kuromozom na 7, ka ce to mu uku kaka ɗaya. Ba dole ba ne. Kowane kuromozom biyu gare ka, ɗaya na uwa ɗaya na uba. Mai yiwuwa wannan a na uwa yake, wancan a na uba. Sai ka gwada su biyun da juna, su ma su haɗu a daidai wannan wurin, sannan murhun ya cika duwatsu uku.

Game da rarraba jerin gida-gida, za ka ci karo da hanyar da Dana Leeds ta fito da ita a 2018: a ɗauki masu cM 90 zuwa 400, a ba na farko launi, a ba duk wanda ya haɗa da shi launin, a ci gaba har a sami rukuni huɗu na kakanni huɗu. Hanya ce mai kyau ga wanda kakanninsa huɗu ba su haɗa jini ba. Kai naka biyu 'yan'uwan juna ne, idan shaƙiƙai ne iyayen kakanninka shida ne ba takwas ba, launukan za su cakuɗe. Haka rabon da Ancestry ke yi na ɓangaren uwa da na uba: dangin wannan layin za su riƙa fitowa a ɓangare biyu. Mafita ita ce ka kafa turaku da mutanen da ka sani. A nan baffanka ɗan uba ya fi shaƙiƙi amfani, don kakanka kaɗai ya haɗa da mahaifinka, bai haɗa kakarka ba. Duk wanda ya fito a jerinka da na baffa, ta layin kakanka ya zo, muddin mahaifiyar baffa ba 'yar dangi ba ce. Kuma kada ka firgita idan kai da baffa kun haɗa wajen 1,300 maimakon 871 da aka saba: ragowar ta mahaifiyarka ta biyo, tunda shi ɗan kawunta ne.

Buɗe jadawali tun yau: suna, kamfani, jimlar cM, yawan yanki, mafi tsawo, kuromozom, wa da wa ya haɗa da su, ranar da ka rubuta masa. Mutane suna goge asusu, abin da ba ka kwafa ba ya tafi.

Su kuma 'yan Amurkan nan, don Allah kada ka yi watsi da su. Tarayyar cM 8 zuwa 20 da baƙin Amurka, ko na Jamaika ko Burazil, yawanci tana komawa ga kaka da ya rayu shekara 200 ko fiye, wanda aka kama wani nasa aka sayar. Amurka ta haramta shigo da bayi a 1808, Burazil ba ta daina ba sai bayan 1850, kuma Hausawa da yawa da aka kama a yaƙe-yaƙen bayan 1804 Bahiya ta Burazil aka kai su, inda suka shirya tawaye a 1807 kuma wasunsu suka shiga na Musulmi a 1835. Ba za ka iya gano sunan kakan ba. Amma ga wanda takardun gidansu suka tsaya a ƙidayar Amurka ta 1870, jin cewa ya haɗa jini da wanda kakanninsa huɗu daga ƙasar Kano ko Katsina ko Damagaram suke, abu ne da ya shekara yana nema. Layi biyu na amsa ba za su rage ka da komai ba.

Ɗan Fatake:

Allah Ya saka da alheri, Malam da Hajiya. Abin da ke hannu bai wuce na gwaji biyu ba. Wa da wa? Kuma gwaggo ba ta rabuwa da goro, yawunta ma kaɗan ne. Akwai dabara?

Abu Takari:

Ɗaya na gwaggo, ɗaya ka ajiye wa mutumin Sudan. Sai dai idan bincikenka ya nuna wanda ya tafi shaƙiƙin kakarka ta wajen uwa ne, ɗan uba ga kakanka. A nan mahaifiyarka ta fi gwaggo kusa da shi ninki biyu, ita za a fara gwadawa.

Ga tsoho kada ka sayi na tofi. Na Ancestry da 23andMe suna son yawu ya kai wani layi a jikin kwalba, ban da kumfa, kuma mai shekara 80 zai wahala kafin ya kai layin. FamilyTreeDNA da MyHeritage tsinken auduga suke bayarwa, a goga a cikin kumatu. A yi da sassafe kafin karin kumallo: babu goro, babu shayi, babu asuwaki ko man goge baki, aƙalla awa ɗaya. Mai haƙoran roba ya cire. A goga da ɗan ƙarfi sakan 45 zuwa minti ɗaya, ana juya tsinken, kumatu ɗaya tsinke ɗaya. Abin da ake so ƙwayoyin fatar kumatu ne, ba jiƙa auduga da yawu ba. Kada yatsanka ya taɓa kan audugar. A saka kan a 'yar kwalbar mai ruwa a rufe tam. Ruwan yana kare samfurin watanni, amma kada a bar shi a mota cikin rana. Yi rajistar lambar da ke jikin kwalin, ka ɗauki hotonta, kafin ya bar hannunka; samfurin da ya isa babu rajista ba shi da mai shi. Idan za a gwada mutum biyu rana ɗaya, a gama da ɗaya a rufe kwalinsa kafin a buɗe na biyu, don musanya kwalabe ya sha mayar da gwaggo ta zama baffa. Wanda aka taɓa yi wa dashen ɓargo ba ya wannan gwajin, DNA na wanda ya ba shi ne zai cakuɗa da nasa. Ba kowane kamfani ke aikawa kowace ƙasa ba, duba jerinsu kafin ka biya; da yawa ta hannun matafiyi suke karɓa su mayar.

Yanzu Sudan. Gwajin ba zai nemo maka su ba, kai za ka nemo su, shi ya tabbatar. Hanyar mahajjatan ƙasa sananniya ce: Maiduguri, Fort Lami wadda ta zama Njamena, Abeshe, Janaina, Fashir, Ubayyid inda jirgin ƙasa ya iso tun 1912, sannan bakin Bahar Maliya a Sawakin ko Fot Sudan. Da yawa sun tsaya neman guzuri a gonakin audugar Jazira bayan an gama madatsar Sannar a 1925, ko a noman dawa da riɗi na Gadarif, tsayuwar ta zama zama. Akwai kuma tsofaffin mazauna da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗanda suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. A garuruwan nan unguwannin Hausawa suna da shugabanninsu da limamansu, kuma su ne rumbun bayanan gaskiya. Abin da zai taimake ka ƙwarai: a takardun hukuma na Sudan suna huɗu ake rubutawa, na mutum, na ubansa, na kakansa, na uban kakansa. Jikan wanda kake nema ta wajen ɗansa namiji yana ɗauke da sunan kakansa a wuri na uku, da sunan uban kakanka a wuri na huɗu. Ka tura sunaye biyun nan a jere, da laƙabin da aka san shi da shi a gida, da sunan garinku da unguwa da sana'ar gidan. Sunan yanka kaɗai ba ya isa, Muhammadu ɗan Abubakar sun fi a ƙirga. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa iyalai, aika kwali cikin ƙasar abu ne mai wuya, don haka nemi wani na gidan da ke Saudiyya ko Masar ko Chadi. Cikin waɗanda ka samu zaɓi mafi tsufa a zuriya, ba mafi sauƙin samu a waya ba: ɗa ko 'yar mutumin ya fi jika, jika ya fi tattaɓa-kunne.

Idan aka sami namiji da ya fito ta maza zalla, akwai gwaji na biyu, na kuromozom Y, wanda uba ke ba ɗansa kusan ba canji. FamilyTreeDNA na yin sa a mataki uku: mai duba wurare 37, da mai duba 111, da babban da suke kira Big Y-700, kuma suna ajiye samfur shekaru, ana iya ƙara gwajin daga baya ba sai an sake goga kumatu ba. Kyawunsa a nan, 'yan ubanci ba ya rage shi, auren zumunci ta mata ba ya ƙara shi. Kai da jikan ƙanin kakanka ya kamata ku dace a 37 cikin 37, ko ku saɓa a ɗaya ko biyu. Idan kuka saɓa a goma, ba layin uba ɗaya ba ne, magana ta ƙare. Amma dacewa ba ta ce ƙanin kakanka ne ba. Wanda kuka haɗa kaka na bakwai ma zai iya dacewa haka. Y ya fi ƙarfi wajen korewa, gwajin farko ya fi ƙarfi wajen auna kusanci. Kuma kada sunan babban rukunin Y da gwajin zai sa ka a ciki ya ruɗe ka: R-V88 ya yawaita tsakanin masu harsunan dangin Hausa a kewayen tafkin Chadi, E-M2 ya cika Afirka ta Yamma, shekarunsu dubbai ne, haɗa su ba zumunci ba ne. Kuromozom X kuwa ka manta da shi, namiji ba ya gadonsa daga uba.

Alaramma Na-Gabas:

Abu biyu nake so a yi kafin a goga kumatun kowa.

Na farko izini, da bayani na gaskiya. A gaya wa gwaggo da harshen da za ta gane cewa sakamakon zai zauna a kwamfutar wani kamfani a ƙasar waje, baƙi za su ga sun haɗa jini da ita, kuma yana iya fito da abin da ba a nema ba. A sa mata laƙabi ko haruffa maimakon cikakken suna, a buɗe imel na daban, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Wannan ba tsoro ne na banza ba. A Oktoban 2023 ɓarayin intanet sun shiga asusun 23andMe da kalmomin sirrin da mutane suka maimaita daga wasu shafuka, suka bi ta jerin dangi suka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 6.9, kuma a Maris na 2025 kamfanin ya shigar da takardar karyewa, bayanan abokan cinikinsa suka shiga cikin kadarar da aka yi cinikinta. A GEDmatch ne 'yan sandan Kalifoniya suka bi dangi suka kama Joseph DeAngelo, mai kisan kai da aka daɗe ana nema, a 2018, kuma tun 2019 akwai zaɓin yarda ko ƙin yarda a gwada samfurinka da na binciken 'yan sanda. Mai samfurin ne ke da wannan zaɓin, ba wanda ya biya kuɗi ba.

Na biyu ya fi nauyi. Wata rana lamba za ta fito da ba ta dace da abin da gida ya sani ba: wanda ake kira shaƙiƙi ya fito 1,700, ko ɗan baffa ya fito babu komai. Kafin zuciya ta tafi ga mummunan zato, a tuna riƙo, da agolanci, da macen da ta shigo da goyo, da musanyar kwalabe. Ko an kore waɗannan duka, a shari'a ɗa na mai shimfiɗa ne, kamar yadda ya tabbata a Bukhari da Muslim, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a zamanta na Makka a 2002 ta yanke cewa ba a kore tabbatacciyar nasaba da gwajin DNA, ba a kuma gabatar da shi a kan li'ani. Wanda ya riƙe asusun dangi amana ya riƙe. Ba a ɗaukar hoton irin wannan sakamakon a jefa a zauren WhatsApp na gida, ba a kuma taɓa rabon gado da shi.

Idan za ka rubuta wa baƙo, gajarta: sallama, adadin cM da kamfanin, garuruwan kakanninka huɗu da kimanin shekarun da suka rayu, sai tambaya guda. Sunayen mamata za ka bayar, ban da na rayayyu. Kada maganar kuɗi ko biza ko gado ta shigo saƙon farko, don ita ke sa a rufe ƙofa. Ga na Sudan ka rubuta da Larabci da Hausa duka. Jikoki da yawa suna jin Hausa amma karatunsu na Larabci ne, saƙon murya ya fi musu rubutun boko.

Hajiya 'Yar Zango:

Malam Abu, gyara ɗaya a kan X, don a wannan gidan yana da aiki. Gaskiya ne namiji daga uwa kaɗai yake samunsa, amma ita mahaifiyar mai tambaya 'yar ƙanwar ko yayar mutumin ce, hanyar a buɗe take.

Kuma shi ne zai iya warware tambayar da Malam Salsala ya fara da ita, ta shaƙiƙi ko ɗan uba. Namiji X ɗaya gare shi, na mahaifiyarsa, kuma yana miƙa shi ga kowace 'yarsa ɗungurungum. Don haka gwaggo tana ɗauke da X na kakanka cikakke, 'yar mutumin Sudan tana ɗauke da na ubanta cikakke, kuma kowanne daga uwar mai shi ya fito. Idan matan biyu suka haɗa dogon yanki a X, 20 zuwa sama, alama ce mai ƙarfi cewa iyayensu maza ɗakinsu ɗaya, sai fa idan kishiyoyin su ma 'yan'uwan juna ne ko iyayen matan biyu mata sun haɗa jini. Idan ba su haɗa komai ba, ba hujja ba ce, shaƙiƙai ma kan gaji ɓangarori daban. Ancestry ba ya nuna X amma yana cikin ɗanyen fayil, GEDmatch da FamilyTreeDNA za su nuna.

Saboda haka idan aka sami ɗa da 'ya duka a raye a can, kuma kwali ɗaya ya rage, a ba 'yar. Ɗan a jira da shi sai lokacin gwajin Y.